Baƙar Waya da Ƙasar Kagara

Kagara, ƙasar Goronyo
Hwarkon watan Mauludi

Zuwa ga jikata Bara'atu, makarantar koyon aikin injiniya, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina hwatan kina lahiya kamar yadda muke. Kakarki Habi tana gaishe ki. Ƙahwarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ni ma lau nike in ban da gwiwa, ita ko ba cuta ba ta, shekaru na.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da anka yanke sabis a ƙasarmu saboda mutanen daji, wayar da kinka saya mini ta koma hitila. Shi ya sa nid ɗauko biro, nit tuno yaƙi da jahilcin da niy yi zamanin ƙuruciya. Lawwali direba, mai bas ɗin Goronyo zuwa Sakkwato, shi za shi kai ta tasha a ba motar Kaduna. In za ki amsa, ki biyo ta hannunai.

Ga dalili. Ɗan Dam ba shi da lahiya. Kin san shi, injin ban ruwan da nis saya shekarar da anka buɗe dam ɗin Goronyo, tun ubanki bai hwara gemu ba. Ke kanki bisa nai kinka koyi ɓarna, ranar da kinka kwance mashi hulogi kinka ɓoye cikin zane. To, kwantak ɗinai ya cinye, ɗan ƙarhen nan da ka ba da wuta. Sai in ja igiya har kahwaɗata ta yi tsami kahin shi yi tari guda. In kuwa ya tashi, sai shan mai awa raƙumin da yad dawo daga Agadas. Da can ban damu ba. Amma yanzu an hana sayar da mai cikin jarka, sai abin da tankin mashin yad ɗauko daga gidan mai, mu zuƙe da tiyo. Wanga ɗan mai, Ɗan Dam ka shanye shi tun ruwa ba su kai tsakiyar lambu ba. Makanikenmu kuma ya kwashe iyalinai ya koma Wurno.

Ubanki Abubakar ya zo kwanan baya da maganatai ta kullum. Ya gyara muna ɗaki gidanai na Sakkwato, har da hwanka, wai ni da Habi mu koma mu zauna. Zama! Mi za ni yi da zama, ni da ban mutu ba? Munka yi ta ja, har munka tsaya bisa magana guda gaban liman: in albasar bana ta yi, shi ƙyale ni da lambuna, in ta mutu, in bi shi ba musu. Na amsa da ƙarhina, don lokacin ban san Ɗan Dam na shirin cin amanata ba. Ga iri ya isa dashe, ga gulbi cike da ruwa, ni ko ina tsaye ina kallo.

Don haka ki shiga kasuwar Panteka ki biɗo mini kwantak. Ba ni son wa'azi, ba ni son "Kaka ka huta". Kwantak ni ka so.

Kakanki, kuma mijinki na hwari da kinka ƙi,
Tambari Gidaɗo

*

Kaduna

Zuwa ga Kaka Tambari, tsohon ango mai ran ƙarfe.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same ni lafiya, na yi dariya har na yi ƙwalla. A gaishe mini da Kaka Habi, a ce ta riƙa shafa man da na aiko, ba ajiyarsa aka ce ta yi ba. Maganar na ƙi ka kuwa, kai ka ja, ina ni ina miji mai haƙori uku?

Kaka, na shiga Panteka, na zaga har ƙafata ta yi bororo. Duk wanda na faɗa wa irin injin sai ya yi dariya. Wani dattijo ya ce rabonsa da ganin wannan kwantak tun yana yaron shago. Kuma ko an samu, wuta kaɗai zai gyara, ba zai hana Ɗan Dam shan mai ba. Mai shanye maka mai kafireta ce. Ta tsufa, ramukanta sun buɗe, zuba mai kawai take ko injin na bukata ko ba ya bukata.

Yanzu ka gyara zama, kada ka yi faɗa sai ka kai ƙarshe. A ɗakin aikinmu na makaranta akwai ɗan'uwan Ɗan Dam, iri ɗaya sak, an jefar da shi a lungu. Don kewarka na ɗauke shi a matsayin aikina na ƙarshen shekara, tun kafin wasiƙarka ta zo. Na cire masa kwantak, na sa wani ɗan akwati da ke ba filogi wuta da lantarki, ba ƙarfen da ke gogar ƙarfe balle ya cinye. Na cire kafireta, na sa abin da makanikai ke kira injekta, wato allura. Ita fesa mai take, daidai awo, kamar yadda Kaka Habi ke auna gishirin miya. Mai ba ta umarni wani akwati ne da ake ce wa ƙwaƙwalwa. Duk kayan daga wani babur na zamani na samo su, wanda ya yi hatsari.

Wallahi Kaka, ja ɗaya ya tashi! Ba zan yi maka ƙaryar ya daina shan mai ba, amma abin da tankin mashin ke ɗaukowa zai kai maka ruwa ƙarshen lambu, in sha Allahu. Batir yake bukata, kai kuwa ga batir da faifan sola na cajin waya suna zaune ba aikin yi tun da aka yanke sabis.

Malamina ya duba aikin, ya ba ni makina, ya yarda in kwance kayan in kawo. Amma ba zan taɓa abokinka ba sai da izininka, domin sai an raba shi da kafiretar da ya zo duniya da ita. In ka yarda, zan roƙi hutun kwana kaɗan in zo in ɗaura da hannuna.

Baba kuma, don Allah kada ka ga laifinsa. Duk ranar da aka ce an shiga wani ƙauye wajen Rabah, ba ya iya cin abinci. Tsoro ne, ba raini ba. Amma ni dai a wannan magana ina bayanka.

Jikarka,
Bara'atu Abubakar

*

Kagara

Bara'atu,

Gaisuwa da hwatan alheri. Muna lahiya, gari lahiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na aike ki biɗar kwantak, kin dawo mini da asibiti. Allura! Ƙwaƙwalwa! Da nik karanta ma Habi, tac ce in ƙwaƙwalwar ta yi saura a sa mini, wai na hi injin bukata. Kin ga abin da kinka jawo mini.

Na kwana ina juya maganar. Da sahe nit tahi lambu, nij ja igiyar Ɗan Dam har nig ga taurari da rana tsaka, bai ko yi tari ba. Nan nic ce mashi, to malam, ka ja ma kanka allura. Na yarda. Wanda ruwa sunka ci, ko takobi anka miƙa mashi kamawa shi kai.

Amma sharaɗi biyu. Na hwari, kada ki kuskura ki taho. Hanya daga Marnona zuwa nan ba ta 'yan mata ba ta yanzu, ba ta kowa ba ta. In kinka tako ta, ban yahe ba, kuma ba wasan jika ni kai ba. Ki ba Lawwali kayan. Malam Abdulƙadiri ladan, maƙwabcin lambuna, shi za shi kama mini. Shi ka gyara lasihikar masallaci, kuma ya yi leburanci lokacin da anka ja wuta gidan wani alhaji a Wurno, don haka ya san waya.

Na biyu, ki rubuta mini komi da Hausa, Hausar mutane. Kada in ga Turanci ko kalma guda. Ku 'yan boko, in kunka hwara magana sai ku bar mutum bakin hanya.

Na riga na yi dashe, don iri ba shi jiran injiniya. Na tada tsohon jigo bakin gulbi, ina ɗibar ruwa da guga awa zamanin ubana. Abdulƙadiri kan ara mini injinai in ya ƙare da ɗan sauran mai, amma shi ma lambunai ƙishi shi ka ji. Hwangalin da ke kusa da gulbi suna shan ruwa, na nesa kuwa sai haƙuri. Ki yi sauri, 'yar nan.

Kakanki,
Tambari

*

Kaduna

Zuwa ga Kaka Tambari,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da jigo. Da na karanta cewa guga kake ja, wallahi abinci ya fita raina. Ga kaya nan cikin kwali, na naɗe su da tsohon zanena. Na bi umarninka, ba Turanci ko ɗaya, sai da na ari ƙamus saboda kai.

Ku fara da kwance kafireta, ku ajiye ta, kada Kaka Habi ta mai da ita murfin tulu. A gurbinta ku ɗaura abin nan mai kama da maƙogwaro, wanda allurar ke jikinsa. Na yanka masa faranti daidai ramukan Ɗan Dam, da notinan da kuka cire za ku ɗaure shi. Sai ku buɗe murfin faifan da ake naɗa igiya, ku cire kwantak, ku ɗaura ɗan baƙin abin nan mai kama da ƙwallon dabino a wurinsa. Shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa faifai ya zagayo, a ba da wuta. Kada ya taɓa faifan, ku bar tsakani gwargwadon kaurin katin da na sa a ciki. Tiyon mai kuma ya bi ta cikin ɗan famfon nan kafin ya isa allura, na zana kibiya a jikinsa.

Wayoyi kada su tsorata ku. Kowace na sa mata kai wanda ba ya shiga sai raminsa, ko Malam Abdulƙadiri ya rufe ido ba zai ɓata ba. Uku ne kawai ba su da kai. Ja, ku ɗaure ta a kan batir mai alamar tarawa. Gajeruwa mai kauri, daga ɗaya kan batir zuwa jikin inji. Baƙar waya kuwa, wadda ta fito daga ƙwaƙwalwa, ku haɗa ta da ƙasa, ku ɗaure tamau. Ka kula da wannan, Kaka: in baƙar waya ba ta samu ƙasa da kyau ba, ba abin da zai tashi.

In kun gama, ku murɗa makunni. Za ku ga 'yar fitila koriya a jikin ƙwaƙwalwa, ku ji famfo ya yi ƙugi kamar zuma. Sannan ka yi bisimilla ka ja igiya, a hankali, ba irin jan da ka saba ba.

Ka rubuto mini ranar da ya tashi, ko layi ɗaya ne. Ina so in ji yadda fuskar Malam Abdulƙadiri ta yi.

Taka,
Bara'atu

*

Kaduna

Kaka,

Lafiya kuwa? Wata ya kama, ya yi tsakiya, ban ga ko ƙyallin takardarka ba. Na kira Lawwali da ya shigo Sakkwato inda ake samun sabis, ya rantse ya damƙa maka kwalin hannu da hannu. Na ce to mi ka gani? Ya ce ya hango ka bakin gulbi kana jan guga, ya ɗaga maka hannu, ka juya baya.

Jiya kuma Baba ya ce mini ya sa an sake fentin ɗakinku, ya sayo katifa. Da na tambaye shi dalili sai ya ce in maida hankali ga karatuna.

Kaka, in fushi kake don na ce haƙoranka uku, na janye, talatin da biyu ne cif. In kuma wani abu na lalata a jikin Ɗan Dam, ka gaya mini, zagi ma ina so. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo. Ba na gane komai a aji, malami na magana ni ina Kagara.

Jikarka da ke jiran amsa,
Bara'atu

*

Kagara

Bara'atu,

Gaisuwa. Muna lahiya. Ba hushi ni kai ba, kunya ta. Na ɗauki biro ya hi a ƙirga ina ajewa, don ban san yadda tsoho ka ce ma jikatai aikinta bai yi ba.

Mun bi takardarki baƙi bayan baƙi. Maƙogwaro ya zauna daram, ƙwallon dabino ya zauna, katinki ma mun sa mun zare. Kowace waya ta shiga raminta. Sai munka zo ga baƙar waya, wadda kinka ja kunnena bisa gare ta. Abdulƙadiri yac ce in kwantar da hankalina, wanga shi ne aikin da yas sani. Yac ce ƙasar lantarki ba a yi mata garaje, ya gani da idonai a Wurno. Munka gina rami gab da inji, zurhin gwiwa. Munka kahwa rodi, munka ƙara ma wayar tsawo da ta lasihika, munka ɗaure ta tamau bisa rodin kamar yadda kinka ce. Munka zuba gawayi, munka zuba gishiri. Gishirin miyar Habi na, har yau tana mita. Munka rufe, munka kwarara ruwa.

Nim murɗa makunni. Ba koriyar hitila, ba zuma, ba komi.

Abdulƙadiri yac ce wurin ya cika yashi. Munka tone, munka koma inda laka ta hi danshi. Shiru. Munka ƙara gishiri. Kullum da sahe, kahin in ba albasa ruwa sai na ba ramin. Kinka ce in ba ta samu ƙasa da kyau ba, ba abin da ka tashi. To 'yar nan, ta samu ƙasa, ƙasar da babu irinta duk Kagara, wadda ta ci da ni ta ci da ubanki. Mun sa a ƙasa, ya kasa. Na so in maida mashi kayanai na da, ashe kwantak ɗin ya kare biyu wurin cira.

Ban ga laihinki ba ko kaɗan. Injin makaranta ɗan birni na, ya saba da allura. Ɗan Dam baƙauye na irina, ba a koya muna sabon abu da tsuhwa.

Hwangalin nesa sun tahi, ganye ya kwanta ya yi hwari. Na tsakiya suna bin su. Kahwaɗata ta dama ta daina ɗaga guga, da hagu ni ka ja, ita ma ta hwara ƙorahi. Ba ni son in tsaya har albasar ta mutu duka gaban idona, don haka na aika ma ubanki shi taho da mota ran Asabar mai zuwa. Magana gaban liman anka yi ta, ba ni zama tsohon da ka cin maganatai. Habi ta hwara ɗaurin kaya. Tana yi tana waƙa don kada in gane kuka ta kai.

Ki yi karatunki da kyau. In kinka zo hutu, ki iske ni ƙarƙashin hwanka.

Kakanki,
Tambari

*

Kaduna, Alhamis

Kaka! Innalillahi! Ku tone wayar nan!

Yi haƙuri, ko gaisuwa ban yi ba. Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarka ina dariya ina kuka, har abokiyar ɗakina ta ɗauka aljanu ne.

Ba Ɗan Dam ya kasa ba, ba ku kuka kasa ba. Ni ce da ƙamus ɗina. A Turancin makanikai, jikin inji, ƙarfensa, shi suke kira da kalmar da ke nufin ƙasa. Ka ce kada in sa Turanci, ni kuma sai na juya kalmar yadda ƙamus ya ba ni, ban tsaya na yi tunanin manomi nake rubuta wa ba. Mi za ka fahimta da ƙasa in ba ƙasa ba? Malam Abdulƙadiri ma bai yi ƙarya ba, haka ake yi wa wutar gida. Amma wutar batir ba ta bin laka. Daga batir take fita, ta jikin inji take komawa, ku kuwa kun kai ta gona kun rufe da gishiri.

Ga abin yi, kuma bai kai shan fura ɗaukar lokaci ba. Ku ciro baƙar waya, ku jefar da ƙarin da kuka yi mata. Bakinta da gishiri ya ci, ku yanke, ku feƙe sabo. Ku kwance noti ɗaya a jikin inji, wanda gajeruwar wayar batir ke ɗaure ma ya yi. Ku kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ku sa wayar, ku ɗaure. Batir ya wuni a rana tukuna. Shi ke nan, Kaka, wallahi shi ke nan.

Saura magana mai nauyi. Lawwali ba zai shiga Goronyo ba sai bayan Asabar, kuma ka hana ni hanya. Mota ɗaya ce za ta iso Kagara a kan lokaci, ita ce wadda za ta zo ɗaukarka. Don haka na kira Baba, na gaya masa komai, na ce zan ba motar safe wasiƙa ya karɓa a tasha. Sannan ya ce, "Kin san abin da kike roƙona? In kai wa mahaifina da hannuna abin da zai zaunar da shi a bakin daji." Na ce na sani, Baba. Bai ce zai kawo ba, bai ce ba zai kawo ba.

Ban liƙe ambulan ba. In kana karanta wannan, ka san hannun da ya miƙo maka ita.

Bara'atu

*

Kagara

Zuwa ga injiniya Bara'atu, mai Hausar ƙamus.

Assalamu alaikum. Muna lahiya ƙalau. Habi na gaishe ki, tac ce ki biya ta gishirinta. Abdulƙadiri ma na gaisuwa, ko da yake yanzu duk Kagara Malam Mai Gishiri a ka ce mashi, har liman.

Ubanki ya iso ran Asabar da hantsi. Yag gaishe mu, yash sha hura. Munka loda kaya bayan mota, har tabarmar sallata da turmin Habi. Maƙwabta sunka taru ana ta yahe-yahe. Ni ban san da wata takarda ba. Da anka gama nic ce mashi, Abubakar, ka ba ni kaɗan in tahi in sallami lambu. Yac ce mu tahi tare.

Munka isa. Ban iya duban hwangalin nesa ba, sai nit tsaya wurin Ɗan Dam, nid ɗora mashi hannu. Ubanki kuwa ya tsaya bisa ramin nan shina kallon waya ta nutse cikin laka. Can sai nig ga ya sa hannu aljihu, ya hito da ambulan duk ta yamutse. Yac ce, "Baba, niyyata in ba ka wagga sai mun wuce Marnona. Tun jiya ni ka rantse ma kaina. Na kasa."

Nik karanta ina tsaye. Da nik kai wurin "kun kai ta gona kun rufe da gishiri", dariya tak kwace mini har niz zauna ƙasa, ƙasa ta gaske. Nik ƙwala ma Abdulƙadiri kira, yat taho da gudu da mashin ɗinai. Kahin shi iso, ubanki ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa da shaddatai cikin laka shina tono da hannu. Shi yay yanke wayar, shi yak kankare ƙarhe da wuƙata, shi yad ɗaure noti. Batir dama kullum cikin rana shike. Munka zuƙo mai daga mashin.

Nim murɗa makunni. Bara'atu, koriyar hitila! Ga zuma tana ƙugi! Abdulƙadiri yay yi kabbara da muryar kiran salla, har mata sunka hito daga gari sun ɗauka wani abu na. Kahwaɗata ba ta ja, don haka ubanki yak kama igiya. Ja na hwari Ɗan Dam yay yi tari, don kada a ce ya yarda da sauƙi. Na biyu yat tashi. Muryatai ma ta sake, ba hayaƙi, ba kakari, sai ka ce an mai da shi saurayi. Tiyo yac cika yam miƙe, ruwa sunka hwaɗa kwata.

Ni ina zaune ina kallo. Sai nig ga ubanki ya ɗauki hauyar da ke jingine ga bukka, ya bi ruwa. Shi buɗe wanga hwangali, shi tsaya ya cika, shi toshe, shi buɗe na gaba. Ba wanda yag gwada mashi. Rabonai da wanga aiki tun shina ɗan sakandare, amma hannu bai manta ba. Har la'asar shina ciki. Ruwa sunka kai ƙarshen lambu, nib buɗe tanki nil leƙa, ga sauran mai yana kallona.

Ba ni ɓoye maki, na nesa sun mutu, ba su dawowa. Wurin na sa ma tumatir. Amma na tsakiya, waɗanda nic cire ma rai, kwana kaɗan sunka miƙe. Tun ran Asabar ɗin da marece munka kai magana gaban liman, yac ce shi dai bai taɓa yi ma mai numhwashi salla ba, albasa tana da rai, a sauke kaya.

Ubanki bai yi murna ba, kuma ban ga laihinai ba. Yac ce ranai ba shi kwanciya in dai muna nan, yas sa nir rantse duk ranar da gari yat tashi ba ni tsayawa gardama, in kama hannun Habi mu hita. Na rantse, kuma da gaske ni kai. Shi da kanai yas sauke turmi daga mota.

Da za shi tahi, ga shadda ta lalace, ga tahin hannu duk ya yi bororo, ya riga ya tada mota sai yas sauke gilashi. Nic ce ko ya yi mantuwa. Yac ce, "Baba, hauyar nan ta yi mini daidai hannu. Ka aje mini ita, kada ka ba kowa aro."

Na aje ta bayan ƙohwa. Abdulƙadiri ya zo aro jiya, na hana shi.

Allah shi yi maki albarka, shi ba ki miji mai haƙora.

Kakanki,
Tambari Gidaɗo